Renske Boersma da Larabar Farkon Wata

Ranar Juma'a, bakwai ga watan Nuwamba, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran Renske Boersma, wadda ta shekara ashirin da bakwai tana tsara mana jadawalin aiki a garejin bas ɗinmu na nan Friesland. Shekarunta hamsin da tara. Ta sauka daga kekenta a ƙofar shagon burodi, ta ce wa mai shagon kanta na sara mata, ta zauna a kan benci. Jijiya ce ta fashe mata a ka, kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Ina tuƙi a layi na sha huɗu lokacin da aka sanar ta oba-oba, rediyon da ake kiran direbobi da shi. Na tsaya a tasha, na buɗe ƙofa, na kasa tayar da motar, har wata tsohuwa ta taso ta taɓa kafaɗata tana tambaya ko injin ne ya mutu.

Renske, masu haɗa jaridar ma'aikata sun ce suna son layi goma a kanki. Na ce ni zan rubuta, amma su manta da zancen layi goma. Kin rasu da wasiƙa a cikin fayil ɗinki wadda ta ce kin nuna son kai a aikinki. Mu shida ne muka san ƙarya ce, kuma mu shidan muka ja bakinmu muka yi shiru har aka sanar da mutuwarki. Saboda haka wannan ta'aziyya ce, kuma shaida ce da ya kamata in bayar tun kina da kunnen ji.

Direbobi ɗari da arba'in kike riƙe da su a ka. Uwar Allo muke kiranki, saboda allon nan na bakin ɗakin kofi inda kike manna jadawali ranar ashirin ga kowane wata, mu taru muna leƙe muna ƙorafi. Kin san wanda matarsa ke zuwa wankin ƙoda ranar Litinin. Kin san wanda bai kamata a ba shi layin makaranta ba saboda zuciyarsa a kusa take. In azumi ya zo, direbobinmu Musulmi sai su ga sun tashi aiki kafin faɗuwar rana ba tare da sun buɗe baki sun roƙa ba, in kuwa suka zo godiya ki ce su fita su rufe miki ƙofa, iska na shigowa. Ba ki iya karɓar godiya ba, kuma bakinki ba ya ƙyale kowa. Ni Kunkuru kika raɗa mini, wai a tarihin garejin ba a taɓa yin direban da keke ke wuce shi a kan miƙaƙƙiyar hanya ba sai ni.

Kowa ya san kina da mata. Hoton Annelies yana kan teburinki tun kafin in zo. Ba wanda ya taɓa yi miki maganar banza a gabanki, ni kuma ban taɓa ruɗin kaina cewa kirki ne ya hana su ba. Wanda ke riƙe da jadawali shi ke riƙe da Kirsimetinka da bikin 'yarka, ba a wasa da shi.

Sauranmu ba mu da wannan garkuwar. Shekara huɗu da suka wuce akwai wani direba a nan, Sander, mutum mai natsuwa da ba ya shiga harkar kowa. Wata rana mijinsa ya zo ɗaukarsa, ya sumbace shi a bakin ƙofar gareji, mutum uku suka gani. Washegari aka fara. A siranta murya a oba-oba in ya kira, a shafa jan-baki a ƙofar akwatin kayansa, in ya shigo ɗakin kofi a ce a matsa wa ɗan daudu ya zauna kada ya gaji. Geert Hiemstra ne kan gaba, shi da muka zaɓa wakilin direbobi. Wata takwas Sander ya jure, sannan ya ajiye aiki ya bar garin. Ni ina cikin masu dariyar, kuma dariyata ta fi ta kowa ƙara, don ina tsoron in na yi shiru a juyo a dube ni.

Sunana Wout Kamphuis. Shekarata ashirin da uku ina tuƙi a garejin nan, ashirin da ɗaya daga ciki ina zaune da Hidde, namiji kamata, wanda nake so kuma yake sona. A gareji an san shi da mai hayar ɗakin sama. Na san abin da mutanen manyan birane za su ce: a ƙasar da doka ta daɗe da yarda namiji ya auri namiji, me ya rage na ɓoyewa? To su zo su zauna a ɗakin kofinmu ƙarfe shida na safe na mako ɗaya, sannan mu yi magana.

Mako biyu bayan tafiyar Sander na shiga ofishinki neman hutun kwana uku, na ce za a yi wa ɗan hayana aiki a ciki. Kika rubuta, ba ki ɗago ba.

"Wane irin ɗan haya ne ake kwana asibiti dominsa, Kunkuru?"

Na ce ba shi da kowa a garin.

"Yana da kai. Rufe ƙofar nan ka zauna. Na ji dariyarka ranar jan-baki, har nan ta iso. Ban ji haushinka ba, tausayi ka ba ni. Ku nawa kake tsammani ne a garejin nan?"

Na ce ban san abin da kike nufi ba. Kika ce ke kin san aƙalla biyar, kowannensu yana zaton shi kaɗai ne, kuma kin gaji da kallon mutane suna ruɓewa ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin tagarki.

Da farko ta ƙofar gaba kika bi. Kika je wurin manaja Postma kika ce kina son kafa ƙungiya ta ma'aikata irinmu, maza masu son maza, mata masu son mata, da waɗanda jinsin da aka rubuta musu ranar haihuwa ba shi ne nasu ba, wurin da mutum zai zauna ya yi magana ba ya waige-waige. Postma ya yi murna har ya so ya wuce gona da iri, yana zancen tuta da ɗaukar hoto don shafin kamfani. Ya sa aka manna takarda a allo, mai so ya rubuta sunansa. Kwana biyu takardar ta cika da sunaye, kowa ya rubuta na abokin tsokanarsa, wani har da na karen mai gadi. Kika cire ta da hannunki.

Ko da ba a yi wannan shashancin ba, akwai abin da Postma bai hango ba, don shi aikin ofis yake yi. Direbobi ba su da awa guda da kowa ke hutu. Mai aikin safe na tashi, mai aikin rana na hawa. In kana son halartar wani taro sai ka yi musayar aiki da wani, takardar musaya kuma a allo ake manna ta, da sunanka da ranar. Duk wanda ya nemi musaya ranar taron ƙungiya ya sanar da kansa ga gareji duka.

Nan kika yi abin da ke kaɗai za ki iya. Kika ce babu musaya, babu takarda, babu sunan da za a rubuta a ko'ina. Ke za ki tsara jadawalin yadda Larabar farko ta kowane wata mu shida za mu sami aikin safe, wanda ake tashi ƙarfe ɗaya da rabi. Sauran guraben aikin safe na ranar ki raba wa wasu, kina canza su wata-wata, don kada ido ya tsaya a kanmu. Postma ya ɗauka maganar ta mutu, kika bar shi a haka.

A ɗakin kayan tsintuwa muke haɗuwa, bayan ofishinki, don makullin yana hannunki kuma kowane direba yana da dalilin hawa can. Kowa ya zo da abin da fasinja ya manta, wannan safar hannu ɗaya, wancan lema. Akwai wata hular yaro da na kai sau goma sha, ina saukowa da ita a aljihu in sake kai ta wata mai zuwa. Mu zauna a tsakanin akwatunan lema da tabarau, ki yanka mana burodi mai sukari, ki zuba kofi, ki ce wanda ke da magana ya yi, wanda ba shi da ita ya ci burodi. Akwai wanda ya shekara guda yana cin burodin bai ce uffan ba, ranar da ya buɗe baki kuwa sai da muka ba shi awa biyu. Akwai wadda ke shirin canza sunanta a takardun aiki, kika zauna da ita kuka tsara abin da za ta ce wa kowa da kuma wanda za a fara gaya wa. A ɗakin nan na fara furta sunan Hidde a cikin gareji ba tare da na haɗa shi da haya ba. Muryata ta yi rawa, kika yi kamar ba ki ji ba, kika tambaye ni ko ya iya girki.

Shekara uku muka yi haka. Kuskurenmu kuwa tun ranar farko muka yi shi. Mun zaɓi Laraba ne saboda da rana ofisoshin sama sukan zama fayau, ba mai ganin masu hawa. Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa dalilin da ya sa suke zama fayau. Ranar Laraba makarantun firamare na tashi da tsakar rana, iyaye na tafiya ɗaukar yara. Ke ba ki da ɗa, ni ba ni da shi, yawancinmu haka. Ke da kika san ranar wankin ƙodar matar kowa, wannan ɗaya ya wuce ki. Ashe mun sa hannu a kan aikin da duk mai ɗa ko jika a garejin yake ƙirga wa ya samu wa ya rasa.

Geert yana da jika, yarinya 'yar shekara shida, uwarta na aiki a gidan tsofaffi, ba mai ɗauko ta sai shi. Kin sha ba shi Larabar, fiye da yadda kike ba wasu. Amma duk watan da ya rasa sai ya tsaya a gaban allo da ɗan littafinsa na aljihu yana kwafe sunayen waɗanda suka samu. Ba zan ce ba shi da gaskiya ba, abin da ya gani ya gani. Sunaye suna zuwa suna tafiya, shida ba sa motsi. A ƙarshen Satumba ya kai ƙara a rubuce, cewa mai jadawali tana da 'yan gaban goshi.

Ranar uku ga Oktoba aka zauna da ke, Postma da Geert da wata mata daga babban ofis. Ƙofar ba ta rufu sosai ba, ni kuma ina tsaye a baranda da wata lema a hannu. Postma ya yi ta lallashinki, yana cewa ki ba shi dalili ko wane iri ne, shi zai karɓa. Da kin ce ƙungiya ce, da a take ya wanke ki har ya yaba miki. Amma Geert na zaune da sunaye shida a aljihu, kalma ɗaya daga bakinki ta isa ta gaya masa su wane ne mu.

"Ni na tsara, kuma ina da dalili," kika ce. "Dalilin ba nawa ba ne, ba zan bayar da shi ba."

Geert ya ce, "Kun ji ko? Shekara ashirin da bakwai tana wasa da mu kamar 'ya'yan dara."

Aka ɗauke ki daga teburin jadawali a ranar, aka sa miki wasiƙa a fayil, aka mayar da ke lura da kayan tsintuwa kafin a gama bincike. Geert ya sanar cewa a babban taron direbobi na sha ɗaya ga Nuwamba zai karanta sunayen shida a gaban kowa, a san waɗanda suka ci Larabar yaran mutane. Mu kuwa mun san abin da hakan ke nufi. Ɗaya daga cikinmu kowa ya riga ya san irinmu ce. In aka jera sunanta da naki da sauran biyar, ko yaron makaranta zai haɗa lissafin kafin a tashi taro.

Mako biyar ɗin da suka biyo baya su ne nake so mutanen garejin nan su tuna, ni ma in tuna. Mutanen da kika rufa wa asiri shekara da shekaru suka daina gaishe ki. Wanda kika gyara wa Litinin saboda matarsa ya ce a gabana dama ya daɗe yana zarginki. Kullum sha biyu da rabi ki sauko ɗakin kofi da burodinki da cuku, ki zauna a teburin bakin taga, don kin ƙi yarda a ce kin ɓuya. Teburin ya zama naki ke kaɗai. Wata rana na shigo da kofi a hannu, kika ɗago muka haɗa ido, kika ɗan ja kujerar kusa da ke da ƙafa. Na wuce na zauna a teburin Geert. Na san kin gani, kuma ba ki taɓa tayar mini da zancen ba.

Larabar farko ta Nuwamba ta zo, biyar ga wata. Wani ne ya tsara jadawalin, saboda haka mu biyu kawai muka sami hawa, ɗayan ma bai daɗe ba ya tafi. Aka bar ni da ke. Kin rame, kina ta murza goshi, na ɗauka gajiya ce. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na tambaye ki abin da zai faru in wani ya tashi a taron ya faɗi gaskiya.

"Ban roƙe ka ba, Kunkuru, kuma ba zan roƙe ka ba. Ba don a biya ni na yi ba."

"Amma kina so?"

"Ina so mana. Ce maka aka yi dutse ce ni? Jiya Annelies ta same ni ina kuka a kicin kamar wata yarinya. Aikin nan shi ne abin da na iya a duniya."

Na ce ki ba ni zuwa Talata, ranar taron, in yi tunani. Kika ce in ɗauki sauran burodin in kai wa Hidde. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Zan faɗi abin da ya fi komai ba ni kunya. Ranar Juma'ar, bayan na sauke fasinjoji na dawo gareji, a cikin baƙin cikin akwai wani ɗan lungu a zuciyata da ya yi ajiyar zuciya. Na ce yanzu kam za a soke taron, maganar ta bi ki. Ban yi awa biyu da wannan tunanin ba Postma ya manna sanarwa: za a yi taro ranar Talata ƙarfe biyu, a fara da shiru na minti ɗaya don girmama ki, sannan a ci gaba da abin da ke kan takarda. Na ji Geert yana cewa ba shi da magana da mamaciya, amma shidan da suka ci moriyar suna nan da ransu.

Da na gaya wa Hidde, ya daɗe yana wanke kofi ɗaya. Sannan ya ce shi ya saba da zama ɗan haya, bai taɓa matsa mini ba, amma ba zai raka ni jana'izarki ya tsaya a bayan ɗaki kamar wanda ya zo gyaran famfo ba. Ranar Lahadi na hau keke cikin ruwan sama na bi gidajen sauran biyar. Na gaya musu ko na yi magana ko ban yi ba sunayenmu na aljihun Geert, abin da ya rage kawai shi ne a gwada hana shi karantawa, kuma sunana kaɗai zan ambata. Huɗu suka yarda, ba da daɗin rai ba. Na biyar ya ce in na buɗe baki na kashe shi, ya rufe ƙofa. Har yau ba ya yi mini magana, kuma ban ga laifinsa ba.

Ranar Talata mutum kusan tamanin suka cika ɗakin kofi, wasu a tsaye da rigunan aiki a jiƙe. Aka yi shirun minti ɗaya. Ina jin ƙarar injin kofi. Postma ya yi 'yan kalmomi a kanki, masu kyau, irin waɗanda ba su da haɗari. Sannan Geert ya miƙe, ya ciro takarda, ya sa tabarau. Na duba na ga ɗaya daga cikinmu ya kama bakin tebur da hannu biyu.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na ce, "Geert, dakata. Sunana na cikin takardar nan, kai ka sani. Bari in gaya maka abin da ya sa." Na ce Hidde ba ɗan haya ba ne, mijina ne a komai in ban da takarda, shekara ashirin da ɗaya. Na ce tun bayan abin da muka yi wa Sander, Renske ta buɗe wa irinmu wurin zama sau ɗaya a wata, kuma ta ɓoye mu a cikin jadawali don kada sunanmu ya hau allo. Na ce ta zaɓi a kira ta mai son kai a kan ta miƙa mu. Duka maganar ba ta kai minti biyu ba.

Geert ya cire tabarau ya dube ni.

"Kai, Wout? Ai da kai muka yi wa Sander dariya."

"Da ni."

"To me ya hana ta gaya mini? Ni dodo ne?"

"Da ta gaya maka ranar uku ga Oktoba, ƙarfe nawa labarin zai iso ɗakin nan?"

Na ce masa yanzu ya san abin da ke hannunsa, sauran biyar ɗin ba su ba ni izinin faɗin sunansu ba, shi ma ba su ba shi ba. Daga baya wani ya ɗaga murya ya ce a karanta mana, ai an zo ji ne. Wasu suka yi 'yar dariya. Geert ya sake duban takardar, leɓensa na motsi, yana bin sunayen ɗaya bayan ɗaya da sabon ido. Na ga wuyansa ya yi ja. A lokacin nan ba abin da ya rage a hannuna, mutum biyar suna rataye a bakin mutumin da ya kori Sander.

Ya ninke takardar biyu, ya sake ninkewa, ya sa a aljihun ƙirji.

"Ba zan karanta ba," ya ce. "Wanda ke son jin suna ya je ya karanta na uwarsa. Amma Laraba ta yara ce, Wout. Ku nemi wata rana."

Ya zauna. Bai ba da haƙuri ba, ban kuma sa ran zai bayar ba. Takardar tana wurinsa har yanzu, da littafin, ban tambaye shi abin da zai yi da su ba, kuma ba zan ce ina barci da daɗi a kan haka ba. Tun ranar akwai waɗanda suka daina zama kusa da ni, akwai wanda ya siranta murya a oba-oba ranar Alhamis ɗin da ta wuce, wani kuma ya katse shi ya ce a bar layi don aiki. Postma ya cire wasiƙar daga fayil ɗinki washegarin taron, ya rubuta wa iyalinki. Ƙungiyar ta koma Litinin ta biyu a wata, da sanin ofis, sunana ne kaɗai a allo a matsayin wanda za a nema, kuma wanda zai zo ni zai gaya wa, ni in shirya da mai jadawali. Ban iya abin kamar ke ba. Mutum uku suka zo zaman farko, ɗaya sabo ne.

Ranar Alhamis, sha uku ga wata, aka yi jana'izarki. Direbobi sun zo da yawa cikin kayan aiki, har da waɗanda suka bar ki ke kaɗai a teburin taga. Na zo da Hidde, muka zauna a layi na uku. Bayan an gama, ana shan kofi, na je gaban Annelies. Ta riga ta ji abin da ya faru ranar Talata. Ta riƙe hannuna ta dubi Hidde ta ce ta daɗe tana son ganinsa. Sannan ta juyo gare ni.

"Ka makara, Wout."

Na ce na sani.

"Kullum in ta dawo sai ta ce, Kunkuru zai iso, a hankali yake tafiya. Na gode da ka yi. Amma kada ka ce in ce maka ba komai, don da komai."

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba, ba ranar roƙon ba ce. Likita ya ce jijiyar nan ta daɗe da rauni, ko da me aka yi za ta iya fashewa. Na ji, na kuma gode masa. Sai dai na san yadda kika yi makonni biyar na ƙarshen rayuwarki, na san wanda ya wuce kujerar da kika ja masa, kuma na san maganar da za ta wanke ki tana bakina tun ranar da nake tsaye a baranda da lema.

Renske, Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki kurakuranki, ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa mana namu har ya ci miki mutunci. Allah ya sa kin huta, ya haskaka makwancinki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Annelies, wadda ta yi shekara talatin da ɗaya tare da ke, da ƙanenki Douwe da iyalinsa, da mahaifiyarki da ta kai shekara tamanin da takwas ta ga wannan rana. Allah ya ba su haƙuri da ƙarfin ɗaukar rashin. Ina yi wa sauran biyar ta'aziyya, su sun san kansu, har da wanda ya rufe mini ƙofa. Sander, in wannan takarda ta iso inda kake, kai ma ina neman gafararka.

Mu da muka rage a garejin nan, Allah ya ba mu bakin faɗin gaskiya tun mai ita yana zaune a gabanmu. Ki yafe mini, Renske. Na iso, amma na tarar kin tafi.

Wout Kamphuis, direba, layi na sha huɗu